Wayar da ta Gaji Tabarmar Goggo

Ranar wata Asabar bayan La'asar na je gidan ƙanena a Rijiyar Zaki domin in duba matarsa da ta yi fama da zazzaɓi. Ban ko gama cire takalmi ba ta miƙo mini wayarta, ranta a ɓace, ta ce, "Yaya, dubi abin da 'yarki take yi a bayan idona." Na ɗauka hirar saurayi ce ko wani hoton banza, domin irin abin da ake miƙa wa mutum waya a kansa ke nan a wannan zamani. Da na karanta sai na tarar da wani abu daban. Yarinyar, mai shekara 13, ta ari wayar uwar da sunan aikin makaranta, ta shiga wurin manhajar nan mai amsa tambaya da ke cikin WhatsApp, ta rubuta da ɗan Turancinta na ƙaramar sakandare cewa kwana biyu ke nan tana ganin jini a jikinta, mararta tana murɗawa, ko wata cuta ce ta kama ta. Manhajar ta yi mata bayanin al'ada dalla-dalla, ta gaya mata yadda za ta tsaftace jikinta, har ta ba ta shawarar ta sanar da mahaifiyarta ko wata babba da ta amince da ita. Layin ƙarshe da yarinyar ta rubuta shi ne ya hana ni barci a daren: ta roƙi manhajar kada ta gaya wa Mama.

Uwar tana ganin laifin waya ne. Ƙanena da ya dawo daga kasuwa ya ce laifin uwar ne, tunda ita ta ba ta wayar. Ni kuwa tun ina cikin adaidaita sahu a hanyar komawa gida na gane cewa akwai mutum na uku da ba a ambata ba a wannan shari'a, kuma ni ce. Ni ce goggon yarinyar, kuma a tsarin da aka raine mu a kansa, wannan tambaya tawa ce. Rabona da in zauna da ita mu biyu, babu baƙi babu hayaniyar biki, na kasa tunawa.

Ra'ayina shi ne, kukan da muke yi cewa waya ta ƙwace mana 'ya'ya daga hannun iyaye bai faɗi gaskiyar abin da ya faru a gidan Bahaushe ba. Ɗan Bahaushe tun asali ba ya kai wa uwa da uba irin waɗannan tambayoyi. Akwai waɗanda al'ada ta ajiye domin su, mu ne muka tashi daga inda suke, muka bar tabarmarsu babu kowa, waya ta zo ta zauna a kai. Saboda haka duk maganin da ya tsaya a kan wayar, ko ƙwace ta ko zaginta, bai taɓa ciwon ba. Sai an mayar da mutum mai rai kan tabarmar nan, ko dai uwa da uba su daure su zauna da kansu, ko su nemo wanda zai zauna, su kuma gaya wa yaron a fili cewa ga shi nan.

Wa ake tambaya a da?

Na tashi a cikin ƙwaryar birnin Kano, a gida mai sassa shida da zaure biyu. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayarmu ba har Allah ya karɓi ranta, domin 'yar fari ce, sai dai ta ce "ita waccan" ko "yarinyar nan". Da aka yaye ta ɗakin kaka aka kai ta, a can ta girma. Wanda bai san al'adar ba zai ce rashin ƙauna ne, alhali kuwa kara ce da alkunya, kuma ba a yi ta a kan fako ba. An yi ta ne da sanin cewa idan uwa ta kawar da kai, akwai hannaye huɗu ko biyar da za su tallafi yaron kafin ya faɗi.

Dubi wasan da ke tsakanin kaka da jika. Kaka tana kiran jikanta "mai gidana", tana kiran jikarta "kishiyata", su yi ta tsokanar juna a kan goro da kuɗin cefane. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin raha kawai, amma ni ina ganin ƙofa ce da al'ada ta bari a buɗe da gangan. Wanda kake wasa da shi kana iya gaya masa abin da ba za ka iya furtawa a gaban mahaifi ba. Ranar da abin da ya sami 'yar ƙanena ya same ni, ɗakin kakata na shiga ina kuka. Ta yi dariya, ta ce ashe kishiya ta isa, ta yagi wani tsohon zani mai laushi ta nuna mini yadda ake ƙunzugu, ta koya mini yadda zan lissafa kwanakina da yadda zan yi wanka idan ya ɗauke. Da yamma na ji ta tana ce wa mahaifiyata, "Sai ki ƙara sa ido, 'yar taku ta girma." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ni da mahaifiyata ba mu taɓa yin zancen ba, amma washegari na ga sabon sabulu da ƙullin kanwa a kan gadona.

Haka abin yake a wajen maza. Yaro yana da kawu, yana da baffa ƙarami da bai yi aure ba yana kwana a shagon ƙofar gida, yana da ubangidansa a wurin koyon sana'a, yana da malamin zaure. Idan ya yi mafarkin balaga ya san wanda zai raɓa. Idan ya fara son wata yarinya, ko ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, akwai wanda zai kai maganar gaban uba a lulluɓe, ta yadda uban zai yi hukunci ba tare da an haɗa ido ba.

Ba na cewa zamanin nan aljanna ne. An gaya mana ƙarairayi da yawa don a tsorata mu, kamar cewa idan namiji ya riƙe hannunki ciki zai shiga, kuma akwai yaran da aka cutar a cikin irin waɗannan manyan gidaje aka rufe maganar don gudun abin kunya. Abin da nake nufi ƙarami ne: tambaya tana da adireshi, kuma yaro ya san shi.

Sai muka yi boko, muka sami aiki, muka kama haya ko muka yi gini a Hotoro da Sharaɗa da Mariri, wasu suka wuce Abuja da Legas. Gida ya koma miji da mata da 'ya'ya, a bayan katanga da get. Kowace amarya burinta a kai ta gidanta ita kaɗai, kuma ban ga laifinta ba, don na san abin da zaman gidan yawa yake haifarwa tsakanin facaloli. Amma a wajen kwashe kaya mun ɗauko kunyar gaba ɗayanta, mun baro kaka da goggo a cikin gari. Matar ƙanena, da digirinta da komai, har yau ba ta iya faɗin sunan 'yar farinta a gabana. A gidan nasu kuwa babu wani babba sai ita da mijinta.

A cikin wannan gida ne waya ta shigo. Layukan salula sun fara aiki a Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru wayoyin shafa suka yi arha har suka shiga kowane ɗaki, a ƙarshen 2022 ChatGPT, mai amsa tambayar da aka rubuta masa, ya fito, a 2024 kuma aka saka irinsa a cikin WhatsApp, inda yaro ba ya buƙatar ya sauke komai. Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Yarinyar nan tana da uwa, abin da ta rasa shi ne wadda za ta yi wa tambaya ba tare da ta ji kamar ta aikata laifi ba.

Nan ne kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. A gidaje da yawa tambaya tana zama shaida a kan mai yin ta. Yarinya ta ce, "Mama, mene ne kaza?" amsar farko da za ta ji ita ce, "Wa ya koya miki wannan? A ina kika ji?" Yaro ya ce wa uba yana jin tsoron wani malami a makaranta, a ce masa ragon banza. Wata uwar ma idan 'yarta ta gaya mata sirri, kafin dare ƙannen uwar uku sun ji a waya. Yaro yana lura da duk wannan. Ya gwada sau ɗaya, sau biyu, ya gane cewa tambaya tana jawo bincike, sai ya kama bakinsa. Waya kuwa ba ta zare ido, ba ta tambayar wa ya koya maka, ba ta gajiya idan ka maimaita, kuma tana nan ƙarfe biyun dare lokacin da tsoro ya fi kama mutum.

"To ai amsar da ta samu daidai ce"

Wata ƙawata malamar asibiti da na ba ta labarin ta ce ba ta ga abin tayar da hankali ba, domin bayanin da manhajar ta yi ya fi na kakata inganci. Na yarda da ita a kan wannan. Na karanta amsar sau biyu ban ga kuskure ba, kuma da a ce yarinyar wata ƙawarta 'yar aji ɗaya ta tambaya, da wataƙila ta kwaso shirme. Ni kaina ina tambayar waya ma'anar kalma da hanyar wata unguwa, kuma ban ga dalilin da zai sa yaro ya jira uba ya dawo daga kasuwa kafin ya san babban birnin Chadi ba.

Sai dai bayani daban, shawara daban. Bayani iri ɗaya ne ga kowa. Shawara kuwa sai wanda ya san ka. Manhajar ba ta san cewa matan gidanmu suna fama da ciwon mara mai tsanani har wasu suna suma ba. Ba ta ga fuskar yarinyar ba balle ta gane ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ba za ta iya saya mata audugar mata ba, ba za ta lura bayan wata uku cewa jinin ya yi yawa idonta ya yi fari ba. Abin da ya fi muhimmanci, ba ta da hanyar da za ta bi ta shaida wa uwar a lulluɓe, kamar yadda kakata ta yi. Maganar ta shiga waya ta tsaya a nan. Da uwar ba ta yi tuntuɓe da ita ba, da yarinyar ta shiga girma babu wani ɗan Adam da ya sani. Ga shi kuma sirrin da take roƙo a ɓoye wa uwarta ya riga ya tafi na'urorin wani kamfani a wata ƙasa.

Wannan ma a tambayar da amsarta take a fili ke nan. Yawancin abin da ke damun matashi ba irin wannan ba ne. Yarinyar da ake yi wa gori a makaranta saboda baƙar fata ko rama, idan ta shiga TikTok neman mafita, waɗanda za su fara tarbarta masu sayar da man bilicin ne da ƙwayoyin ƙiba irin waɗanda ake kira sha ka fashe, kowace da murmushinta da lambar asusunta. Yaron da yake ganin uban ya gaza biyan kuɗin makaranta, idan ya nemi hanyar samun kuɗi, zai faɗa hannun masu tallar caca da masu alkawarin ninka jari. Duk wanda yake Kano a 2024 ya ga yadda samari da 'yan mata, har da manya, suka duƙufa suna dannan fuskar waya dare da rana da sunan mainin, wato haƙar kuɗin intanet, da yawansu kuma suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. A intanet mai ba da shawara sau da yawa ɗan kasuwa ne, kuma yaro ɗan shekara 14 ba ya iya bambance mai son sa da mai son aljihunsa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma, irin wadda yarinyar ta tambaya, suna da nasu halin. Suna iya faɗin abin da ba haka ba da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma suna da saurin bin ra'ayin mai tambaya. Idan yaro ya kawo labarin saɓaninsa da uba, ɓangare ɗaya za su ji, a kansa za su yi magana. Kawu na gari yakan ce, "Kai ma ba ka kyauta ba, tashi mu je ka ba shi haƙuri," ya kuma kama hannunsa su tafi. A Amurka an kai ga abin da ya fi haka muni: a 2024 wata uwa a jihar Florida ta kai wani kamfani ƙara bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, tana zargin cewa ya shafe watanni yana kai kukansa wurin wata manhajar hira, su kuma a gida ba su san zurfin abin ba.

"A ƙwace wayar kawai"

Wannan shi ne hukuncin da ƙanena ya yanke a daren, kuma shi ne hukuncin yawancin iyaye maza. Ina goyon bayan wani yanki nasa. Ban ga hikimar mallaka wa ɗan firamare wayar kansa ba, kuma ban yarda yaro ya shiga ɗakin kwana da waya ba. Su kansu Facebook da TikTok a ƙa'idarsu sai mai shekara 13 ne zai buɗe shafi, mu ne muke buɗe wa 'yan shekara tara da shekarun ƙarya. Majalisar Ostireliya ta zartar da doka a watan Nuwamban 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta, don haka damuwar ba ta Bahaushe kaɗai ba ce.

Amma mu tuna abin da ya faru da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Cikin kwana ɗaya matasa suka koya wa juna VPN, wato manhajar zagaye shingen da aka saka, aka ci gaba da hira kamar ba a yi komai ba. Abin da gwamnati ta kasa da duk ƙarfinta, uba ɗaya ba zai iya shi da kulle waya a durowa ba. Akwai wayar ƙawa a makaranta, akwai ta yaron maƙwabta, akwai shagon mai caji da mai tura finafinai a bakin layi. Sannan tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, wanda ya hana ɗansa taɓa na'ura baki ɗaya ya tura shi fagen da bai san makaminsa ba. Abin da ya fi damuna da wannan hukunci shi ne darasin da yarinyar za ta ɗauka daga gare shi. Ta yi tambaya a kan jikinta, an gano, an hukunta ta. Gobe za ta sake tambaya, sai dai za ta goge bayan ta gama.

"So kike mu zubar da kunya mu zama Turawa?"

Matar ƙanena ce ta yi mini wannan tambaya, kuma ba da wasa ta yi ta ba. Ta ce, "Yaya, ni da bakina zan zauna da 'yar fari ina zancen jini? Ai sai ta raina ni." Na fahimce ta, domin nima haka aka gina ni. Kunya ado ce, kuma ba na fatan ganin ranar da ɗan Bahaushe zai riƙa yi wa ubansa magana kamar abokin wasansa.

Amma addinin da muke jingina kunyar da shi ya riga ya raba mana gardama. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Ummu Sulaim ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaya ko wanka ya wajaba a kan mace idan ta yi mafarki, kuma ya amsa mata. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Wanda ya fi dacewa da halin da muke ciki shi ne labarin Sayyidina Ali. Yana da tambaya a kan maziyyi, ya ji nauyin ya yi ta da kansa saboda yana auren 'yar Manzon Allah, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad ya tambaya masa, aka ba da amsa. Kunyar surukuta ta tsaya a inda take, tambayar kuma ta isa inda za ta. Abin da goggo da kawu suke yi ke nan a gidan Bahaushe. Wanda ya ce shi mai kunya ne, to ya nemo wa ɗansa Miƙdad. Idan kuwa ya riƙe kunyar bai nemo kowa ba, ya sani cewa yaron zai nemo da kansa, kuma mun ga wanda yake nemowa.

Wani zai ce ai Islamiyya tana koyar da wannan. Gaskiya ne, babin haila yana cikin Ahalari, kuma 'yar ƙanena ta karanta shi, ta ma ci jarrabawa a kansa. Amma haddace hukunci a aji mai ɗalibai sittin bai sa ta gane cewa abin da ta gani a banɗaki shi ne abin da ke cikin littafin ba. Ba kuma za ta ɗaga hannu a gaban malami namiji ta tambaya ba.

Lokaci, da uban da bai yi boko ba

Ana kuma kawo uzurin rashin lokaci, kuma ba zan raina shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, magidanta da yawa suna fita bayan Asuba su dawo bayan Isha'i, matan kuma kowace tana da abin da take sayarwa ko aikin da take zuwa. Sai dai na san maza da yawa da suke da awa biyu ta majalisa ko teburin mai shayi kowane dare, na kuma san gidajen da uwa da uba suke zaune a falo ɗaya da 'ya'yansu, kowa ya sunkuya a kan tasa wayar. Yaron da ya yi magana aka ce masa "ina zuwa" ba tare da an ɗago kai ba, ya riga ya ga inda manya suke kai hankalinsu.

Uzurin da ya fi wannan nauyi shi ne na iyayen da suke jin 'ya'yansu sun wuce su. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, na ga dattawa masu rumfa a kasuwa suna miƙa wa 'yan shekara 12 waya don su duba ko kuɗi sun shigo. Ɗa ne yake karanta wa uba saƙon banki, shi yake saita masa waya, shi yake gaya masa wane labari ne na ƙarya. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to yau yaron yana ganin ya hau abin da ya fi rimi, uban ma a ransa ya fara yarda. Daga nan sai uban ya ja baya, ya bar wa waya fagen duka. Wannan kuskure ne babba. Dattijon da ya shekara talatin a Kantin Kwari ko Dawanau ya san fuskar macuci tun kafin ya buɗe baki, ya san yadda bashi yake kashe zumunci, ya san gidan da ake neman aure da gidan da ake gudu. Ɗansa ba zai sami wannan a ko'ina ba. Abin da ya rage masa shi ne ya daina jin kunyar cewa "wannan ban sani ba, duba mana mu gani tare," domin uban da yake iya faɗin haka shi ne ake komawa wurinsa da abin da ya sani.

Ga yadda muka ƙare a gidan ƙanena. Na roƙi uwar kada ta nuna wa yarinyar ta ga hirar, na roƙi uban ya janye maganar ƙwace waya, ya bar dokar cewa a falo za a riƙa amfani da ita. Uwar ta ce har yanzu ba za ta iya zancen da bakinta ba, na ce na ji, amma ta sayi audugar ta ajiye mata a cikin kayanta, ta kuma ce mata, "Duk abin da ya dame ki, ki kira goggonki, ba sai kin gaya mini me kuka ce ba." Ta ɗauki kwana huɗu kafin ta iya furta wannan jimla ɗaya.

Da aka yi hutu na ɗauko yarinyar ta yi mako biyu a wurina. Ban zaunar da ita na yi mata lacca ba. Muna tsinke zogale na ba ta labarin ranar da na shiga ɗakin kakata ina kuka, da zanin da aka yaga, da yadda na ɗauka mutuwa zan yi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ba ta ce komai ba. Sai ana gobe za ta koma, muna wanke-wanke, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba ko gaskiya ne shan zaƙi yana ƙara ciwon mara. Na ce haka aka gaya mana muna yara, amma mu tambayi ƙawata ta asibiti mu ji, muka kira ta a take.

Ban san tambayoyi nawa take kai wa wayar har yanzu ba, kuma ina zaton sun fi waɗanda take kawo mini yawa. Tana da ƙane mai shekara 11, kawunsa ɗaya yana aiki a Fatakwal, ɗayan kuma ba sa shiri da uban. Na tambayi ƙanena wa ya tanadar wa yaron, ya yi shiru, ya ce zai duba. Wata biyu ke nan, jiya na sake tuna masa.